Gyalen da Na Sayo a Lyon

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan Hajiya Saude ba, ko da na so in manta, domin matan unguwar Abu Hail a nan Dubai sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta. Wata takwas ke nan, amma har gobe in na shiga taron suna sai an samu wadda za ta shafa mayafina ta tambaye ni ko shi ma daga Turai yake. Ni kuma in yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Lokacin wata uku da kawo ni Dubai ina amarya. Maigidana aikin kago yake yi a kasuwar Al Sabkha, wato haɗa kayan 'yan kasuwa a loda a kwantena zuwa Kano. Hajiya Saude gwaggonsa ce, ita ta riƙe shi, kuma ta fi shekara ashirin tana sayar da gyale da abaya a kan sari a Deira, unguwar 'yan kasuwa. Tun kafin biki ta ce masa idonta ya fara gajiya, tana neman wadda za ta riƙa zaɓar mata kaya, in amaryarsa tana da ido to wurin nata ne. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kan aikin nan. Zaman ɗaki daga ni sai ƙarar na'urar sanyi ya ishe ni, kuma na riga na gaya wa 'yan gidanmu a waya cewa na kusa zama manaja (babu wanda ya ce manaja, ni na ƙara da bakina).

Ana haka sai bizar da maigidana ya daɗe yana nema mana ta fito. Yawon amarci na kwana biyar a Faransa, biyu a Marseille, uku a Lyon. Tun a filin jirgi na fara jin cewa ni da matan Deira ba ajinmu ɗaya ba.

Bari in faɗi gaskiya a kan abincin, tunda a lokacin ban faɗa ba. A Marseille aka kai mu bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa muka ci miyar kifin da garin yake taƙama da ita. Romon kifi ne da aka manta ba a sa masa yaji ba, aka haɗo mu da busasshen burodi. Washegari na dage sai mun ci dodon koɗi, domin na gan shi a hoto. Guda shida aka kawo a wani faranti mai ramuka, na tauna ɗaya kamar ina tauna robar silifa, sauran biyar na ɗauke su hoto ta kusurwa huɗu. Cukunsu kuwa, wanda suka fi girmamawa shi ne wanda ya fi wari, da a gidanmu ne da tuni an nemi ɓeran da ya mutu a bayan kabad. Lyon ta fi ba mu wuya, kusan duk abin da muka nuna sai a ce da naman alade a ciki. Ƙarshenta kullum muna shagon wani Balarabe muna cin shawarma, irin wadda ake sayarwa a ƙasan benenmu a Deira, maigidana yana zaro ƙullin yaji daga aljihun jaket yana barbaɗa mana a ɓoye.

Wuraren kallo ma haka. Kowane gari da cocinsa a kan dutse, sai ka hau matattakala har numfashinka ya ƙare kafin a nuna maka rufin gidajen mutane. A Lyon aka zagaya da mu wasu lunguna da suka ratsa cikin tsofaffin gidaje. Lungu ne dai, irin wanda a cikin birni muke bi da sauri mu wuce, amma can har da mai jagora riƙe da 'yar tuta, Turawa suna ta girgiza kai don mamaki. Ni ma na girgiza nawa.

A lungunan nan ne mai jagorar ta ce garin ya shahara da saƙar siliki tun zamanin da, ta kai mu muka ga tsofaffin masaƙai, sannan muka faɗa wani shago. Na ɗaga gyale ɗaya, na ga kuɗinsa, na mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Amma tunani ya riga ya shige ni. In na koma da silikin Lyon na ajiye a gaban Hajiya, ai magana ta ƙare, ta ga mai ido.

Ranar da za mu taho muka tsallaka kogi muka shiga wata kasuwa ta rumfuna. Nan na ga gyale tuli, launin makuba da shuɗi, suna ta ƙyalli. Mai rumfar ya yi mana sallama, ya dafa ƙirji ya rantse silikin garin ne, arha ce kawai don ya ga 'yan uwa Musulmi. Na kwashi dozin. Maigidana ya ɗauki ɗaya yana jujjuya ledar.

"Anya? Ledar nan kamar na santa," in ji shi.

"Kai komai leda da kwali kake gani," na ce masa. "Nan Faransa ce fa, ba Sabkha ba."

Bawan Allah ya zaro kuɗi ya biya.

Asabar ɗin da muka dawo Hajiya ta tara mata a gidanta don yi mini sannu da zuwa. Na yafa ɗaya daga cikin gyalen, mai launin makuba, na naɗe shi a wuya yadda na ga matan can suna yi, na tako daga tashar metiro, wato jirgin ƙasan cikin gari, cikin ranar nan ta Dubai mai narkar da mutum. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Kwana biyar ina mafarkin tuwon nan, amma loma uku na yi na janye hannu, na ce cikina ya saba da abinci mara nauyi (Allah ya yafe mini, raina yana cikin kwanon har aka ɗauke shi). Daga nan na buɗe aji. Na koya musu yadda ake cin dodon koɗi. Na ce cuku sai wanda ya waye yake gane daɗinsa. Na ce mu nan cin abinci muke yi don cika tumbi, su kuwa can ilimi ne. Matan da suka yi shekaru suna yawo saro kaya tsakanin Canton ta ƙasar Sin da Istanbul suna sauraron wadda fasfonta bai cika shafi biyu ba.

Sai na zuge jaka na fara raba tsaraba. Na miƙa wa Hajiya nata da hannu biyu.

"Hajiya, irin wannan ya kamata mu fara kawowa," na ce (ku lura da "mu" ɗin nan, ba a ma ɗauke ni aikin ba). "Silikin Lyon ne na asali. Kayan Deira ai duk kwaikwayo ne, in mutum ya taɓa na gaske sai ya raina su."

Hajiya ta murza gyalen tsakanin yatsu biyu, ta juya bakinsa, ta matso da shi kusa da tabarau. Sannan ta ɗaga murya ta kira Memuna daga kicin. Memuna 'yar zangon Kumasi ce, ita take dajiyar bakin gyale a sito ɗin Hajiya da ke Al Qusais. Ta fito tana goge hannu, ta karɓa, ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba ta dafe ƙirji.

"Ei, Hajiya! Wannan ai ɗinkina ne! Ga tsallen tsohon kekena nan, duk taƙi ɗaya sai ya ninka zare. Wallahi ni na daje shi!"

Mai hankali a nan take yin shiru, amma ni sai na ce ai kekuna suna kama da juna, kuma Turawa ma suna da tsofaffin kekuna. Hajiya ta ce a kawo mata ruwa a roba.

"Ki tsoma ki gani, Hajiya," na ce da ƙarfin hali. "Rinin Turawa ba ya zuba."

Ta tsoma gefe ɗaya ta matse. Ruwan ya koma kamar zoɓo.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Hajiya, tana yarfe hannu. "Kayan bara ne. 'Yan kasuwar Kwari ta Kano suka dawo mini da su saboda zuba, na rasa yadda zan yi da su, na sayar wa wani Balaraben Faransa a kan kilo don su bar mini sito. Ashe suna da rabon dawowa gida. Yarinya, har jirgi kika hau da su?"

Dariyar da ta fashe a ɗakin nan, na tabbata an ji ta a hawa na ƙasa. Wata har da faɗuwa a kan kafet tana riƙe ciki. Ina ƙoƙarin haɗa fuska sai Memuna ta matso ta ce a hankali, wai don ta rufa mini asiri, amma kowa ya ji: "Amarya, je ki duba wuyanki a madubi." Zufar da na yi daga tashar metiro ta gama aikinta. Tun daga haɓa har ƙirji na rine na koma makuba, kuma a haka na zauna awa guda ina koya wa mutane wayewa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, na shige banɗaki na yi kuka, ina kuka ina dirzar wuya da sabulu, rinin da ya zube a roba cikin sauƙi ya ce a jikina ya samu wurin zama. Kwana uku ina yawo da shi.

Da na fito Hajiya ta sa an dawo mini da tuwona. Na cinye shi tas har da suɗe kwano, tunda babu sauran abin karewa. Ta jira na gama sannan ta yanke hukunci a gaban kowa.

"Zaɓen kaya da yatsa ake yi, ba da sunan gari ba. Ranar Litinin ki je Al Qusais wurin Memuna. Yalla, maza ki ninke gyale na shekara ɗaya, in hannunki ya fara gane yadi ma yi magana."

Can nake har yanzu, a ƙarƙashin Memuna, ina ninki ina cusawa a leda. 'Yan gidanmu suna nan suna kira na manaja, ban samu bakin gyara musu ba. Abin da na koya dai shi ne, in mutum ya yi tafiyar kwana biyar, ya dawo ya ci tuwonsa ya yi shiru, kuma kada ya koya wa mai shago kayan shagonta. Balaraben Faransan nan ma ya sake aiko da oda watan jiya, kwali arba'in. Don haka duk amaryar da Allah ya kai Lyon ta ga gyale mai ƙyalli a rumfar tsallaken kogi, ta saya, Allah ya sa albarka. Ni na ninke shi da hannuna, sai dai ta guji zufa.