Rogon Bature a Bayan Gidana

Ba zan taɓa mantawa da azumin da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta yi tare da mu a birnin Greensboro na Amurka ba. Ko na so in manta, lambuna ba zai bari ba.

Gidanmu a unguwar Glenwood ɗan ƙarami ne, amma yana da fili a baya, ni kuwa tun zuwana ƙasar nan nake mafarkin lambu irin na kakata a Zariya. Wata rana maƙwabcinmu, wani dattijon Bature, ya miƙo mini wasu saiwoyi ta saman shinge, ya ce sunansu hosradish. Na binne su, suka fito da ganye faffaɗa, kore shar. Da yamma in na taso daga aiki sai in zauna ina kallonsu, iska na kaɗa su, har in ji kamar kakata na ban ruwa a bayana. Na riƙa tura wa Hajiya hotuna (ni da ban taɓa riƙe fartanya ba), ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum: "To, madalla."

Nan matsalar take. Hajiya ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba ta kuma taɓa sakewa da ni ba. "Matar Sani" take kirana, kamar wata baƙuwa. Na ƙudura a raina wannan zuwan sai ta ci abin da hannuna ya noma, ta san ɗanta ya yi dace.

Ranar da muka gayyaci mutane buɗa baki na tono saiwar. Fara tas, doguwa, sak rogo. Maƙwabcina ya leƙo ya ce a gurza ta ɗanya a ci da nama, amma kaɗan, kaɗan ƙwarai, don tana da zafi. Na yi masa godiya ina dariya a ciki. Mutumin da masoro ke sa shi tari ne zai ja mini kunne kan yaji? Mu da muka tashi da attarugu?

Na cika kwano da gurzajjiyar saiwa, na zuba garin ƙuli-ƙulin da na sayo a wani shago da ke titin Gate City Boulevard, na yanka tumatir da albasa, na haɗa kwaɗo mai kyan gani. Ina azumi, ban ɗanɗana ba. Ina gurzawa hawaye na zuba sharaf-sharaf, amma wallahi na ɗauka kewar gida ce. Har tsayawa na yi a taga ina tuna kakata, ina cewa ashe haka noma ke taɓa zuciya.

Aka sha ruwa, aka ci dabino, aka yi magariba. Mata muka zauna a falo, su Anti Balaraba, wata 'yar gida da ke zaune a garin, duk suna nan. Na durƙusa gaban Hajiya da kwanona.

"Hajiya, ga amfanin gonata. Ke za ki fara."

Ta yi bisimilla, ta ɗebi cokali guda cike, don ta girmama ni. Ta tauna. Sai ta tsaya cak, idonta ya kafe a bango kamar mai hango wani abu daga nesa. Hawaye suka gangaro.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma ni, da zuciyata ta riga ta tafi Zariya, sai na dafa gwiwarta na ce, "Hajiya, ke ma ya tuna miki gida ko? Ni ma haka na yi ta kuka ɗazu."

Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta saki wata atishawa da ta sa maza a ɗaya ɗakin suka yi tsit. Anti Balaraba ta lakaci kaɗan ta sa a baki, ta miƙe tsaye tana salati. Sai a lokacin na ɗanɗana. Jama'a, barkono a harshe yake tsayawa. Wannan ta hanci ya bi, ya haye can tsakiyar kai, na ji kamar an buɗe mini taga a ƙoƙon kai.

Da Hajiya ta samu numfashi, sai ta dube ni ta ce a hankali, "'Yar nan, me na yi miki?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba da haƙuri, hanci na zuba, ido jajir, ina ta bayanin Bature da kakata. Ta kalle ni, ta kalli kwanon, sai kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har tana riƙe hannuna.

"Manomiya," ta ce, "miƙo mini kunu kafin ki ƙarasa ni."

Sunan ya bi ni har yau. In ta kira waya daga gida, kafin ta nemi ɗanta sai ta ce, "Ina Manomiya? Ya rogon Bature?" Rogon kuwa yana nan. Na tone shi, na sake tonewa, duk shekara sai ya tsiro, har ya fara leƙa filin maƙwabta.

Yanzu in Bature ya ce mini kaɗan, kaɗan ɗin nake sawa. In kuwa hawaye ya zo mini a kicin, sai na fara duba abin da ke hannuna kafin in ɗora wa Zariya laifi.