Ranar Da Na Gano Makamai A Cikin Rumbun Gero

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da kuwa na so, domin akwai mutane da dama a birnin New York da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini da ita.

Lokacin ina ƙarshen digirina na biyu a fannin taswira, na samu gurbin sanin makamar aiki na wata shida a wata cibiya da ke Manhattan. Aikin cibiyar shi ne sa ido a kan wuraren da ƙasashe ke ajiye makamai masu linzami da inda suke harba su. Kada ku ɗauka leƙen asiri ne irin na fim. Hotunan tauraron ɗan'adam ake saya, a zauna gaban kwamfuta a ƙura musu ido har ya fara ruwa, a ce ga sabon gini, ga hanya an faɗaɗa, ga motar da babu ita watan jiya. Shi ke nan. Amma a Morrisania, unguwar da nake haya a Bronx, ba haka na bayar da labari ba. In aka sauko daga Juma'a aka tambaye ni aikin da nake yi, sai in rage murya, in waiga hagu da dama, in ce, "Harkar makamai ce, ba a cika son a yi maganar ba." (Alhali rabin aikina sauya wa fayil suna ne, ɗaya rabin kuma lallashin injin kofi.)

Wanda ya fi kowa yarda da ni shi ne Alhaji Isuhu, mutumin Tasawa a Nijar, wanda ke hawan da ke ƙasa da nawa. Ya daɗe yana sayar da turare da man kaɗanya a titin 125, kuma duk Lahadi a gidansa nake cin tuwo. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni da cokali ya ce, "Ɗan nan da kuka gani, shi ka gadin duniya muna kwana." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina ƙara miya.

Shugabata a ofis wata dattijuwa ce, Dakta Helen, wadda ta yi furfura a kan wannan aiki. Ta gaya mana cewa a ƙarshen wata shida kowane ɗalibi zai tsaya gaban ma'aikata da baƙi ya gabatar da bincikensa na minti goma sha biyar, daga nan a zaɓi mutum ɗaya a ba shi aiki. Mu huɗu ne. A wurin sauran ukun aiki ne kawai. A wurina kuwa aikin ne zai tsawaita mini biza. Ta ba ni lambobin da ke nuna a taswira inda za a sami wani sanannen filin gwajin makamai a wata ƙasa ta Asiya, ta ce in kwatanta hotunansa na shekara uku in faɗi abin da ya sauya. Daga nan ta yi tafiya ta mako biyu.

Na shigar da lambobin, hotuna suka zo. Yadda suke zuwa kuwa, fari da baƙi ne, yanki ɗan ƙarami, babu sunan gari babu iyakar ƙasa. Na buɗe na farko. Filin gwajin da aka kwatanta mini babu shi. A madadinsa ga wasu da'irori nan birjik a kan fako, talatin da huɗu, kowace da murfi mai tsini a tsakiya. To a horon da aka ba mu, an nuna mana ramukan ƙarƙashin ƙasa da ake ɓoye manyan makamai, kuma daga sama da'ira ce mai murfi.

Wani mai hankali zai ce, ko dai na yi kuskure? Ni abin da na ce shi ne, Allah Ya kashe ya ba ni.

Daga nan duk abin da na duba sai ya zama hujja. Akwai sawun taya siri-siri da ke zuwa gindin kowace da'ira; na rubuta "motocin dakon makamai". Akwai wani fili fari fat a gefe, an share shi tas. Na rubuta "wurin harbawa". Akwai wasu dogayen abubuwa a jere a ƙasa. Na ja musu layi da ja. Abin da ya fi ɗaga mini kai shi ne na lura hada-hadar na ƙaruwa ne a watanni iri ɗaya kowace shekara, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Na rubuta "atisayen shekara-shekara", na miƙe na zaga kujerata sau biyu.

Gaskiya na auna faɗin da'irorin, kuma sun yi ƙanƙanta ƙwarai. Sai na yanke hukuncin sabon samfuri ne, ƙanana. Na kuma san cewa irin waɗannan ramuka nesa da juna ake haƙa su, don kada bom ɗaya ya ci biyu, nawa kuwa ga su a cunkushe kamar 'yan kallon dambe. Na ce dabara ce ta ɓad da sawu. (Idan mutum ya ƙudurta zai faɗa rijiya, ko ka rufe ta sai ya nemo wata.) Dakta Helen ta aiko saƙo sau biyu tana neman ganin abin da na haɗa, na amsa mata da cewa ina kan gyara. So nake ta ji a bainar jama'a, ta yi mamakin irin ɗalibin da Allah Ya ba ta.

Ana gobe taron na gayyaci Alhaji Isuhu, tunda an ce kowa na iya zuwa da baƙo ɗaya. Ya bar teburinsa a hannun maƙwabcinsa, ya sha babbar riga ta shadda, ya yi wanka da turare har wata Baturiya a lif ta tambaye shi sunan turaren. Ya wuce kai tsaye ya zauna a layin gaba, kusa da Dakta Helen, ya gaishe ta da Faransanci.

Ni ne na uku. Na hau, na gyara kwat, na ce da Turancin da na yi mako guda ina bitarsa a gaban madubi, "An aike ni duba abin da kowa ya sani, sai na dawo da abin da ba wanda ya sani." Aka haska hoton a bango. Na ga Dakta Helen ta cire tabarau ta goge ta mayar, na ce a raina, ta kamu.

Ina cikin bayanin sawun motoci na ji ana raɗa daga layin gaba.

"Ɗana. Ɗana."

Na yi kamar ban ji ba. Na wuce zuwa wurin harbawa. Alhaji ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. Na yi masa murmushi, na ce tambayoyi sai a ƙarshe. Na zo kan shawarwarina, inda na ce ya kamata ƙasashen duniya su sa wa wannan wuri ido cikin gaggawa, na kuma ƙara girman hoton yadda da'ira ɗaya ta cika bango. A nan Alhaji ya kasa daurewa. Ya miƙe tsaye, rigarsa tana ƙara.

"Pardon. Ɗana, waɗanga ai rumbuna na. Na hatsi."

Ku sani, ni ɗan birni ne, a Kano aka haife ni, cikin unguwar da ko akuya sai an sayo. Gero a buhu na san shi. Rumbu kuwa na sha ganinsa ta tagar mota, daga gefe, ban taɓa tunanin yadda yake daga sama ba. Amma yana faɗa na juya na kalli bangon, sai na ga jinka. Jinka ce ƙarara, har da tukkunta.

Dakta Helen ta ce, "Me baƙonka ya ce?"

Allah Ya yafe mini, na ce, "Cewa ya yi aikin ya burge shi."

Ashe Turancin titin 125 ya ishi Alhaji gane an yi masa ƙarya. Ya juya gare ta ya ce, "No, madam. Millet house. Food!" Har da nuna baki da hannu, don kada a samu wanda bai fahimta ba.

Na yi zaton abin ya ƙare a nan. Ina! Dakta Helen ta ce tana so ta ji sauran, kuma tunda ni kaɗai ke jin Hausa a ɗakin, ni zan fassara. Alhaji ya hawo, ya karɓi sandar nuni daga hannuna, ya fara bin hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye da makirufo ina mayar da tonon sililina zuwa Turanci.

"Wanga sawu, amalanken jaki na." Na fassara.

"Wanga fili, masussuka ta, nan mata ka sussuka." Na fassara.

"Waɗanga dogaye, dammunan hatsi na, an jera su kahin a zuba." Na fassara, muryata ta fara komawa ta yara.

"Bayan gari aka yin su, saboda gobara. In kun ja hoton ƙasa kaɗan kuna ganin garin." Ya juyo gare ni da tausayi ya ce, "Kuma watannin da ka ce soja na atisaye, ɗana, kaka ta."

Wannan ban fassara ba. Wani a baya ya ce bai ji ba, sai da na fassara.

Dakta Helen ta buɗe kwamfutarta, ta karanta lambobin da ke ƙasan hotona, ta kwatanta da waɗanda ta ba ni. Ɗigo ɗaya ne na ajiye a inda bai kamata ba. Ɗigon nan ya ɗauke ni daga Asiya ya dire ni a kudancin Nijar. Ta haska taswirar a bango ta ja ta baya, sai ga gari ya bayyana, da masallacinsa da rijiyarsa da garken shanu. Mako biyu ina kallon wurin, ban taɓa ja baya sau ɗaya ba.

Sai ta ce aƙalla ban ɓata suna ba, domin a Turanci da kalma ɗaya ake kiran rumbun hatsi da ramin makami. A nan ɗakin ya fashe. Wani dattijo mai ƙwarewa a harkar nukiliya har da buga tebur. Aka tafa, amma Alhaji aka tafa wa, shi ma ya sani, don har ya ɗan rusuna.

A jirgin ƙasa muna komawa Bronx, Alhaji yana ta juya carbi har muka ƙetare kogi. Can ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Wallahi na so in yi kurum. Amma da na ji ka ce a sa musu ido, sai gabana ya faɗi. Na ce mutanen ga ba su da wasa, kar a je a jefa ma talakawa bom bisa abincinsu na shekara."

Na buɗe baki in ce ai ba haka ake yi ba, akwai matakai, akwai masu tantancewa. Sai na tuna ni ne na kauce wa mai tantancewar da gangan. Na rufe bakina.

Aikin dai wata 'yar ajinmu ta samu, wadda ta yi minti goma sha biyar tana bayanin yadda aka faɗaɗa wurin ajiye motoci. Ni kuwa Dakta Helen ta kira ni ofis, ta wanke ni tas a kan ɓoye mata aiki, ba a kan kuskuren ba. Sannan ta ƙara mini wata uku, ta ce in haɗa wa sababbin ɗalibai kundin abubuwan da ke kama da sansanin makamai alhali ba su ba ne. Duk hoton Sahel da ya shige mini duhu, bugawa nake in kai teburin Alhaji, ya duba tsakanin ciniki da ciniki ya ce wannan ramin gishiri ne, wannan turken raƙuma. Da wata ukun nan na lallaɓa na samu aikin da nake yi yanzu, zana taswirar bututun ruwa, inda in na yi kuskure iyakaci a haƙa titin da bai ji ba bai gani ba.

Alhaji ya rantse mutum ɗaya kacal ya ba labarin. Wanda ya ba ɗin ne dai ladani. Har yau in na shiga shagon 'yan Nijar a unguwar Mount Hope, sai wani ya leƙo daga bayan kanta ya ce, "Ranka ya daɗe, bana makaman sun yi albarka kuwa?"

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka hango daga sama, ka nemi wanda ya taɓa tsayawa a gindinsa ka tambaye shi. Kuma ka tambaye shi a ɗaki, ku biyu, tun kafin a ba ka makirufo.