Famfon Baƙin Mai

Wani ne a Haɗeja, ba zan faɗi unguwarsu ba don surukansa na nan da rai. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko ɗanyen kifi daga Guri. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Kullum shi yake yi mata juyen mai da kansa, kullum kuma sai ya sha wuya. Ya kwanta a ƙarƙashi, ya yi ta kokawa da noti, notin ya suɓuce, mai mai zafi ya wanke masa gemu.

Rannan yana alwala a bakin duro, ya murɗa famfo ruwa ya zubo, ya murɗa ya tsaya. Sai ya zuba wa famfon ido. Da sallame salla ya sayi famfon tagulla, ya nufi wajen Mala mai walda.

"Cire notin nan ka ɗaura mini wannan."

Mala ya ce, "Famfo a gindin inji?"

"Kai dai ɗaura. Ilimi ne, ba ka kai wurin ba."

Abu ya yi kyau kuwa. Mutumin naku bai iya cin daɗi shi kaɗai ba, sai da ya kai motar bakin ruwa a Guri ya tara masunta. Ya sa yatsa biyu ya murɗa, tsohon mai ya tsiyayo baƙi ƙirin.

"Kowa ya kawo gwangwani! Sadaka ce, ba sai an tambaye ni ba!"

Nan fa aka yi caa. Masu jirgi suka ɗiba don shafe katako. Iya Gumsu mai tuyar kifi ta cika kwano saboda gara ta dame ta a azara. Aka yi ta sa masa albarka, shi kuwa sai shafa gemu yake yi. Da ya tsiyaye tas, ya zuba sabon mai ya tafi.

Mako na zagayowa ya dawo, ya ajiye mota a inuwa, ya shiga cinikin tarwaɗa. Ya daɗe. Da ya fito sai gaisuwa ta ko'ina.

"Allah ya ƙara arziki, direba!"

"Amin, amin," in ji shi, yana jin kansa kamar mai gari.

Ya loda kifi ya kama hanya. Tsakiyar fadama inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka, ya yi tari, ya mutu. Ya zaro sandar awon mai, a bushe ƙayau. Ya leƙa ƙasa, famfo a rufe gam. Rana ta take, kifi ya fara wari, ƙudaje sun zo gaisuwa.

Can sai ga Zarami masunci a kan keke, da galan a rataye, yana haki.

"Alhamdu lillahi, na cim maka!"

Mutumin ya ga galan, ya ɗora hannu a ka. "Ku ne! Kun kashe ni! Sabon mai ne fa!"

"Haba direba, ba a yi ɓarna ba. Layi aka yi, kuma kowa ya ɗiba sai ya rufe. Ni ne dai na zo a ƙarshe."

Ya durƙusa, ya tara galan, ya murɗa famfo. Ko ɗigo. Ya ɗago kai ya ce, "Har yanzu bai kawo ba. In dawo da la'asar?"