Rasuwar Mai'unguwa, Injin da Aka Sa Shaidar Zur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, Hajiya Barakatu mai wifi ta bakin kasuwar Malanville na sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki, har da masu murna a ɓoye, rasuwar injinta, wanda masana ke kira sarba, 'yan kasuwa kuma ke kira Mai'unguwa. Ya rasu ranar Alhamis, ba ta hanyar tsufa ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, aikinsa sanin suna ne. Duk shagon da ke jan rezo, wato intanet, daga wurin Hajiya yana da lambarsa. Idan saƙo ya tashi daga nan ya sauka Kwatano ko Yamai, injin can kan waiwayo ya tambaya ko lambar ta wa ce, marigayi kuma ya amsa: ta Issufu mai albasa ce, ko ta Basira mai takardun duwan, wato kwastan. Bai taɓa ɗora wa wani hular wani ba. Ya sha zafin bazara babu ƙorafi, ya sha ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, iyakarsa ya ce "tiit" ya tashi ya ci gaba da "zuuu" ɗinsa a ƙarƙashin tebur.

Ciwon ajalinsa yana da suna, sunansa Zayyad, ƙanin mijin Hajiya, wanda ya dawo daga Parakou da takardar shaidar koyon kwamfuta da gilashin da ba na ciwon ido ba, aka damƙa masa kula da marigayin. Da masu jan rezo suka yi yawa, sai rubuta wa kowace lamba sunanta ya zame masa aiki. Ya share sunayen kaf, wai tsabta yake yi, ya dangwala alamar tauraro guda ɗaya, wadda a wurin injuna ke nufin kowa da kowa. A gaban tauraron ya rubuta sunan Hajiya Barakatu, wai girmamawa ce. Allah ya sani, har kifi ta sa aka soya masa don godiya, kuma kifin nan yana tsaye mata a wuya har yau.

Daga ranar, duk lambar da aka tambaya, amsa ɗaya ce. Mai albasa Hajiya ce, mai kanti Hajiya ce. Shi ma wani mara kunya da ya riƙa tura wa mutanen kudu saƙo yana sayar musu da shinkafar da ba a shuka ba, da aka bi sawunsa, marigayi ya buɗe baki ya ce Hajiya ce. Ba laifinsa ba ne, abin da aka cusa masa ya faɗa.

Da sammaci ya iso daga jandarma, mai hankali zai ɗauki injin ya je ya yi bayani, tunda ko da an share sunaye, a cikinsa ne kaɗai za a iya bin sawu a gano ainihin mai lambar. Gwanin namu sai ya ɗaure shi da roba a bayan babur da tsakar rana, ya nufi ƙauyen Madécali zai ɓoye aika-aikarsa. A kwanar fadamar shinkafa robar ta tsinke. An tsamo marigayi daga magudanar ruwa, aka shanya, aka jona. Ya ce "ƙit, ƙit", bai ƙara ba. Zayyad ko ƙwarzane bai samu ba.

Marigayin ya bar eriya a kan rufi tana kallon garin Gaya ba ta san me take jira ba, da batir mai ciwon kumburi, da wayoyi masu yawa, da uwar ɗakinsa wadda ta yi shekaru tana gina sunanta a kasuwar nan, yanzu mata na rage murya idan ta wuce.

Ba za a yi jana'iza yanzu ba. An naɗe gawar a cikin bargo, ba kuma za a ba masu gwangwan ko ƙusa ɗaya ba, don ranar Litinin Hajiya za ta ɗauke ta da kanta zuwa gaban jandarma. Can za ta amsa tambayoyi a kan saƙonnin da aka rubuta da Faransanci, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba. Ba a gayyaci Zayyad zaman makoki ba, amma an ajiye masa wuri a kan bencin ofishin.

Za a karɓi gaisuwa a shago bayan la'asar ɗin Litinin, idan an bar ta ta dawo. Wanda ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya kai gaisuwar can ofishin jandarma, ya tafi mata da tabarma da abinci.