Ranar Da Kaza Ta Haɗiye Mini Batir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kammala ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu ba. Malam Sabo, malaminmu, ya zaɓe ni, ni Ilu, in yi karatu a gaban dagaci, don a shaida cewa mun iya kafin a ba mu takarda.

To, ni kunnena ba ya ji sai da na'ura, ita kuma sai da batir, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar magani. A shekarun nan na tsadar rayuwa sai an je Kano ake samunsa. Saboda haka idan ya yi sanyi nakan shanya shi a rana, yadda muke yi wa na rediyo (kada ku tambaye ni ko yana aiki). Da safen nan na ɗora shi a gefen faifan geron da matata Hajara ta shanya. Ina kallo kazarta ta zo, ta bar gero faifai guda, ta haɗiye batirin.

Na bi ta da babbar riga har bayan rumbu. Hajara ta nuna mini da hannu cewa in na yanka mai ƙwai, ni ma in shirya.

Haka na tafi da na'urar a kunne, don ado kawai. Malam ya miƙo takardar da zan karanta, na kafa kai, yatsa a kan layi. Na gama sakin layin da aka ba ni, na ji shiru. Na ce a raina, ba su gamsu ba. (Ashe tafi ake ta yi.) Na ci gaba. Shafi ya ƙare, na juya baya, na ga rubutun Malam da fensir, na ɗaga murya:

"A taƙaita jawabin dagaci, ya cika surutu."

Sai ga wata 'yar takarda Malam ya tura mini ƙarƙashin hanci. Ita ma na karanta da ƙarfi: "Don Allah Malam Ilu, zauna."

Sannan na ɗago kai. Dagaci na share hawayen dariya da gefen rawani, Malam Sabo kuwa ya zama kamar an tsamo shi daga rijiya. Daga baya Hajara ta faɗa mini a kunne abin da dagaci ya ce: wanda ya karanta wannan ya iya karatu, a fara ba shi takardarsa.

Yanzu in na shanya batir sai na kifa masa rariya, in ina karatu kuma nakan ɗago kai a kowace aya. Malam Sabo ya yi sati bai amsa sallamata ba. Ko kuwa ya amsa, ni dai ban ji ba.