Injiniya Shafi'i da Lambobin Baba Alu

Duk faɗin Agege, daga bakin titin jirgi har Iyana Ipaja, babu wanda ya san cikin wayar salula kamar Injiniya Shafi'i. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa muka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba. Shagonsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, amma allon da ya kafa a sama ya fi ƙofar faɗi: Cibiyar Tiyatar Wayoyi ta Ƙasa da Ƙasa. Ƙasashen dai su ne Najeriya da Nijar, saboda wani mai gadi ɗan Maraɗi ya taɓa kawo masa waya a sauya mata gilashi.

Farar riga irin ta likitoci yake sawa, da tabarau wanda ba ya ƙara wa ido komai. Sauran masu gyara suna latsa maɓalli a manhaja su jira, shi kuwa ya wuce wannan aji. Baƙin allo yake buɗewa a kwamfuta, ya riƙa rubuta wa waya umarni da hannunsa, harafi bayan harafi. Shi ya sa 'yan unguwa suka raɗa masa Farfesan Baƙin Allo. Da zolaya aka sa sunan. Bawan Allah ya je aka buga masa shi a kati.

Saura kwana biyar Babbar Sallah, sai ga Baba Alu, dattijon da ya shekara goma sha huɗu yana sayar da ragunan layya a Agege, ya shigo riƙe da waya, hankali a tashe. In an kunna ta sai ta nuna tambarinta ta tsaya nan. A cikinta akwai lambobin kwastomominsa sama da ɗari uku, kowa da sunan da ya sa masa: Alhaja Mai Son Ƙaho, Lauya Mai Tayin Banza, Dogon Ilupeju. Babu su a kan sim, babu su a takarda, kuma ya hana a ɗora masa su a intanet, wai ba ya son a kai masa mutane inda ba ya gani. Ga motar ragunansa ta taso daga Illela, gobe za ta sauka. A Legas kuwa wanda ya riga kira shi ke sayar da rago.

"Injiniya, lambobin nan su ne kasuwata," in ji Baba Alu. "Ko wayar za ta mutu, a fitar mini da su."

Injiniya ya yi murmushin manya. Bai taɓa wayar ba sai da ya leƙa waje ya tabbatar akwai 'yan kallo. Aka yi sa'a wasu mahauta huɗu, abokan Baba Alu, sun taso daga mayanka sun biyo shi. Ya gyara tabarau.

"Baba, ka kwantar da hankalinka, no wahala. Jahili yana ganin waya abu ɗaya ce. Mu masana mun san gidan haya ce, ɗaki-ɗaki. Akwai ɗakin da ke tayar da ita, akwai ɗakin manhaja, akwai ɗakin da ke kama sabis, akwai ɗakin kayan mai waya. Kafin in yi mata filashin, wato in goge ta in zuba mata sabuwar manhaja, kowane ɗaki sai na kwafe shi na ajiye. Shi ake kira bakof. In na gama in mayar da kowa ɗakinsa. A Legas mu uku ne muka iya wannan da hannu, biyun kuma ni na koya musu."

A gaskiya, kada a tauye masa haƙƙi, bayanin daidai ne. Ya jona waya da kwamfuta, ya rubuta umarnin adb, wayar ta amsa. Ya rubuta dd, ya kwafi ɗakin tayarwa, ya kwafi na manhaja, ya kwafi na sabis. Ya tattara lambobi da saƙonni ya ɗaure su ƙunshi guda. Fararen rubutu suka riƙa gudu a baƙin allo, mahauta suna ta "Tabɗi!" Kowane umarni, in zai danna maɓallin ƙarshe, sai ya rufe ido ya ɗaga kai sama, don a san ba ya bukatar kallo.

Nazifa ce ta ɓata biki. Ita ke sayar da caja da rigar waya a shagon da ke jikin nasa, kuma ta yi karatun kwamfuta shekara biyu, abin da Injiniya bai taɓa yafe mata ba. Ta leƙo ta dubi allon.

"Yaya Shafi'i, duk a cikin wayar ka ajiye su fa. Ka janyo su kan kwamfuta tukuna."

Layin umarni ɗaya ne rak. Da ya rubuta shi, da ba a yi wannan labari ba. To amma a gaban mahauta huɗu aka faɗa, kuma mai sayar da caja ce ta faɗa.

"Jama'a ku ji mini," ya ce yana dariya. "Abeg, Nazifa, je ki ga kwastoma yana jira. Ni da nake magana da waya baki da baki, za a koya mini inda ake ajiya? Abin da na ajiye ya ajiyu."

Ya rubuta umarnin share ɗakin kayan mai waya, ya rufe ido, ya danna. A cikin wannan ɗakin ne ya jibge duk abin da ya kwafa.

Filashin ya yi kyau, wannan kam. Waya ta tashi fes, tana yi wa Baba Alu barka da zuwa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Mahauta suka yi tafi. Injiniya ya ɗaga hannu a yi shiru, yanzu za a ga mayarwa. Ya rubuta umarni. Allo ya ce babu wannan fayil. Ya sake, wannan karon ido a buɗe. Allo bai sauya magana ba. Ya cire tabarau ya sake.

"Wato Baba," ya ce, murya ta sirance, "ilimi ya nuna wasu wayoyin ba su da riƙon amana. Matsalar daga kamfani ne. Ni nawa aikin, kowa shaida ne, ya tafi daidai."

Baba Alu ya karɓi wayar ya buɗe wajen lambobi. Fari tas. Ya daɗe yana kallo, kuma wallahi ya ba ni tausayi, don shekara goma sha huɗu ce mutum ya ga an share masa da yatsa ɗaya. Bai yi zagi ba. Ya sa wayar a aljihu.

"Na ga hannunka yana da sauri wajen rubutu," ya ce. "Ni ban yi boko ba, amma ƙafata ta san gidan kowa. Gobe da hantsi ka zo da biro da littafi biyu. Ɗaya zai zauna a aljihuna, ɗaya a gida."

Injiniya ya fara bayanin cewa Cibiya ba ta fita aikin waje. Mahautan nan huɗu suka matso kusa don su ji bayanin da kyau. Nan take ya tuna gobe ba shi da wani uzuri.

Kwana uku aka yi ana zagaye. Baba Alu a gaba, raguna biyu na talla a tsakiya, Farfesan Baƙin Allo a baya, igiya a hannun hagu, littafi a hammata. Suka bi lungunan Agege, suka haura Iyana Ipaja, direbobin motocin haya na danfo suna yi musu ihu. Duk gidan da aka buɗe, Baba Alu ya yi gaisuwa ya yi ciniki, Injiniya ya durƙusa ya rubuta lamba sau biyu. Ba duka aka samu ba, wasu gidajen an riga su zuwa, amma raguna sun tafi, fuskar dattijo ta dawo.

A gida na ƙarshe, wata Bayarabiya mai sayar da abinci, Iya Rashida, ta fito tana goge hannu, tana yi musu maraba da Yarbanci.

"E kaabo, Baba Alu! Na ce ko ka manta ni bana. Ah-ah, sabon ɗan aiki ka samu?"

Injiniya ya miƙe zai gabatar da kansa, rago ya fizge shi ya koma durƙushe.

"Injiniya ne," in ji Baba Alu. "Shi yake mini bakof."

"Ya iya rubuta lamba dai?"

"Yana koyo. Jiya biyu kawai ya ɓata."

Iya Rashida ta dube shi sama da ƙasa, ta ce yana da alamar ladabi, a aro mata shi ranar Sallah ya taya ta wanke kayan ciki. Baba Alu ya ce zai duba, don gida biyu sun riga ta.