Yadda Za Ka Tsorata Maƙwabcinka da Bidon Isansi

Kai mai gida, kai da kuka daina gaisawa da maƙwabcinka, matso kusa. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin wata ya mutu maƙwabcinka ba zai ƙara cin tuwo da kwanciyar hankali ba. Kai ma haka, amma ba wannan ka tambaya ba.

Dabarar ba tawa ba ce. Ta manyan ƙasashe ce, irin Indiya da Pakistan, maƙwabtan nan biyu da kowa ya ajiye makamin nukiliya yana hararar ɗan'uwansa ta kan iyaka. An kuma gwada ta a nan Kanambakashe, a gidan Danda mai sai da isansi, wato man fetur, a kwalba. Matarsa Zara'u ta ga komai da idonta, kuma daga bakinta na ji a bakin rijiya, goyo a bayana, goyo a bayanta.

Mataki na ɗaya: Nemi dalili, kome ƙanƙantarsa

Kada ka jira babban laifi, sai ka tsufa kana jira.

Danda da Na Allah tare suka tashi. Dangar kara ɗaya ce ta raba gidajensu, teburansu kuma suna bakin hanya a gindin iccen bedi ɗaya, kowa da kwalabensa a jere. Da hantsi inuwa tana wajen Danda, da la'asar ta koma wajen Na Allah. Wata la'asar wani ɗan kabu-kabu, wanda ya shekara yana shan mai wajen Danda, ya tsaya cikin inuwa wajen Na Allah, aka zuba masa lita biyu. Danda ya ce da idonsa ya ga Na Allah ya yafito shi da hannu. Na Allah ya ce ƙuda ya kora.

Ka gani? Ƙuda ɗaya ya wadatar.

Mataki na biyu: Toshe kafar magana

A gindin dangar nan akwai wata kafa da awaki suka fara, mata suka ƙarasa. Ta nan Zara'u da Hamsatu, matar Na Allah, suke miƙa wa juna gishiri da daddawa da garwashin hura wuta. Ta nan kuma Ilham, ɗiyar Zara'u mai shekara biyu, take rarrafawa ta je ta ci tuwon Hamsatu, don ita a wurinta tuwon maƙwabta ya fi na gida daɗi.

Danda ya toshe kafar da ƙayar aduwa, ya jingina tsohon kwanon rufi a kai. Ka yi yadda ya yi. Mutumin da kake jin tarinsa da dariyarsa kullum, wuyar tsoro gare shi. Sai ka daina jin muryarsa ne za ka iya ƙaga masa mugun nufi yadda ranka yake so.

Kwana uku Ilham tana zuwa gindin kwanon tana bugawa da ludayi.

Mataki na uku: Saurari rediyo, amma rabi

Wannan mataki shi ne ginshiƙi. Danda yana zaune wajen mai shayi, rediyo na magana kan ƙasashen nan biyu. Wani masani ya ce tun da kowannensu ya san in ya harba shi ma za a harbo masa, tsoron juna ne yake riƙe musu hannu. Masanin ya ce “amma”, sai ga mai moto ya tsaya, Danda ya ruga ya zuba masa mai. Abin da ya biyo bayan “amma” har yau bai ji ba.

Ya dawo gida fuska a sake. Ya ɗauki bido huɗu, wato jarka, cike da isansi, irin rawayan nan da kowa ya sani, ya ce waɗannan ba na saidawa ba ne. Ya jera su jikin danga, daidai bayan rumbun hatsin Na Allah. Sannan ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya, wai da kaji yake magana, ya ce duk wanda ya ƙara korar ƙuda a bakin hanya, ya tuna ashana tsinke ɗaya ce.

Ka lura, bai ambaci suna ba. Manya ma haka suke yi.

Mataki na huɗu: In ya rama, ka ninka

Zai rama. In bai rama ba, ba maƙwabcin kirki ba ne, ka nemi wani.

Washegari Na Allah ya jera nasa bido biyar a ɗaya gefen, daidai bayan ɗakin da Ilham take barcin rana. Danda ya mai da nasa shida. Na Allah ya ɗora sahu na biyu, har murafen suka leƙo ta kan danga. Danda ya sai da tunkiya ya ƙaro. Ga bazara ta kankama, rana tana dukan robar nan tun hantsi, gidaje biyu suka ɗauki warin mai. Har fura, in ji Zara'u, sai ka ji kamar an dama ta a gareji.

Ita dai ba ta zauna ba. Ta kwashe murhu ta mai da shi can kusurwar gabas. Ta ɓoye ashana cikin tukunyar daddawa. Wani abokin Danda ya shigo zaure da taba a baki, ta aika masa da ruwan sha da saƙon ya kashe ko ya fita. Ta roƙi Danda da lalama, ta roƙe shi da fushi, ta tuna masa ranar sunan Ilham Na Allah ne ya feɗe ragon. Ya ce ita ba ta bin labaran duniya. Da ta ga haka, wata rana bayan ya ci ya ƙoshi, ta zauna gabansa.

“Malam, in wuta ta tashi a dangar nan, wa za ta fara ci?”

“Ba za ta tashi ba. Yana tsorona, ina... shi dai yana tsorona. Shi ake kira zaman lafiya.”

“To iska fa, ita ma tana tsoronka?”

Ya ce ta kawo masa ruwan wanke hannu.

Kai ma in aka yi maka irin wannan tambaya, ka nemi ruwan wanke hannu. Babu amsar da ta fi ta.

Mataki na biyar: Kada ka kula da abin da mata suke yi

Ka toshe kafar danga, amma ba ka toshe rijiya ba, kuma ba ka da yadda za ka yi.

A can Zara'u ta ishe Hamsatu. Da farko kowa ta kau da kai, don an hana su magana. Sai Ilham ta zame daga goyo ta ruga ta rungume ƙafar Hamsatu, shi ke nan dokar maza ta faɗa rijiya. Hamsatu ta ce ita ma rabonta da sakewa tun ranar da aka jera abin nan, hatsin shekara guda yana cikin rumbun, kuma ko tuyar ƙosai ta bari. Suka juya suna kallon matan da suke cika bido. A nan Zara'u ta tsaya da guga a hannu.

“Yaya Hamsatu, dubi abin da muke ɗibar ruwa da shi.”

Rawaya ne. Girma ɗaya, murfi ɗaya, da na isansi kamar an tsaga kara.

Tun daga ranar, kullum in maza sun fita bakin hanya, Zara'u takan ɗora bidon isansi ɗaya a kura cikin waɗanda babu kome, ta tura kamar za ta rijiya. Sai ta biya ta tsohuwar garkar mahaifin Hamsatu a bayan gari, inda akwai wani ɗakin laka da ba kowa kusa da shi sai ƙadangaru, ta ajiye. In ta dawo, ta sa na ruwa a gurbinsa. Hamsatu ma haka a nata gefen. Da bidon ruwansu ya ƙare, suka shiga aro. Kafin mako biyu babu macen da ba ta san zancen ba a unguwar, babu kuma namijin da ya sani.

Sau ɗaya ne asirin Zara'u ya kusa tonuwa. Danda ya dawo ɗaukar mazurari, ya ishe ta tana nishi da kura a ƙofar gida. Ya tambaya me ya sa kurar da babu kaya take mata nauyi. Ta ce taya ce ta sace. Ya ce zai duba in ya samu sarari, ya wuce.

Ka yi koyi da shi. Mai gadin makami ba ya duba taya.

Kowace yamma Danda yakan zo ya ƙirga kayansa, ya ɗan bubbuga su da tafin hannu, ya ji sun cika, ya yi gyaran murya don na can gefen ya ji. Na Allah ya mayar masa da gyaran murya.

Mataki na shida: In ka ga hayaƙi, kada ka tsaya bincike

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Su biyun sun dawo cin abinci, kowa a zaurensa. Ilham tana barci a ɗakin nan na jikin danga. A safiyar ranar Hamsatu ta fitar da bidonta na ƙarshe, na Zara'u kuwa ya fita tun jiya.

Sai guguwa ta taso, irin ƙaramar nan da take yawo da leda da ganye. Ta bi ta wani murhu, na wa, har yau ba a sani ba, ta ɗauko guntun kara mai ci, ta dasa shi a kan danga. Busasshen kara da zafin bazara ba sa buƙatar a haɗa su sau biyu.

Danda ya leƙo ya ga hayaƙi, ya ce Na Allah ya fara. Na Allah ya leƙo ya ga hayaƙi, ya ce Danda ya fara. Babu wanda ya tambayi wani, ta ina ma za a tambaya? Bisa ga ƙa'idar da suka shafe makonni suna faɗa, kamata ya yi kowa ya ɗauko ashanarsa. Abin da suka yi shi ne, kowa ya bar takalmansa. Ba su tsaya ba sai bayan katangar masallaci, inda suka tsugunna kafaɗa da kafaɗa, yatsu cikin kunne, suna jiran ƙara.

Ƙara ba ta zo ba. Abin da ya zo wa Danda shi ne sunan ɗiyarsa. Ya miƙe ya juya da gudun da ya fi na farko, Na Allah na biye da shi yana salati.

Zara'u kuwa tuni ta ɗauke Ilham ta ɗaure ta a baya. Da Danda ya faɗo tsakar gida, ya ishe matarsa ta buɗe murfin bido, ta kai hanci ta sansana, don ita ba ta yarda da ƙirga kaɗai ba, sannan ta ɗaga ta juye shi a kan wuta. Ya zauna a ƙasa ya rufe ido.

Wuta ta yi tsaki ta lafa.

Ta can gefen Hamsatu tana juye nata. Matan unguwa suka shigo, kowa ta ɗauki bido ɗaya, wasu ma suna cewa a miƙo musu nasu mai igiyar shuɗi. Rabin danga ya tafi, bayan rumbu ya yi baƙi, hatsi bai taɓu ba. Ilham ta farka ta ga babu danga, ga Hamsatu a fili, sai ta fara zillo tana miƙa hannu.

Mataki na bakwai: Ka ce dabararka ce ta ci

Wannan ba ya buƙatar koyarwa, maza da shi ake haifarsu. Da yamma Danda ya faɗa wa majalisar mai shayi cewa ai kowa ya gani, babu wanda ya kunna ashana, tsoron juna ya yi aiki. Mai shayi ya tambaye shi ko takalmansa sun dawo.

A gida ne muryarsa ta yi ƙasa. Ya daɗe yana kallon Ilham tana wasa da tokar danga, sannan ya tambayi inda isansinsa yake. Zara'u ta ce yana garka, lafiya lau, tare da na Na Allah.

“To, wanne ne nawa?”

“Duk rawaya ne, Malam. Sai dai ku je tare ku raba.”

Sun je, kura ɗaya suka tura. Ban ce sun shirya ba, don har gobe Danda yana cewa yafito ne, Na Allah yana cewa ƙuda ne. Amma man yana can bayan gari inda matan suka ce ya zauna. Da suka zo sabunta danga kuwa, Zara'u ta tsaya a kansu da Ilham a hannu, ta auna faɗin kafaɗar yarinyar, ta ce a bar kafa daidai haka, a ƙara taƙi ɗaya saboda girma.

Faɗakarwa

Duk abin da ya same ka ta dalilin bin matakan nan, kai ka sani, babu hannuna babu ƙafata. In rumbu ya ƙone kada a zo ƙofar gidana, in gemu ya babbake kada a ce ban ce a shafa ruwa ba. Alkawarina bai wuce gidan da yake da mace mai kura, da rijiya kusa, da maƙwabciya mai hankali ba. Su waɗancan manyan da aka aro dabarar daga wurinsu, na tambaya an ce abin da suka jera ba ya musanyuwa da ruwa, kuma guguwa ba a garinmu kaɗai take tashi ba. Kullum ina kasa kunne a rediyo, ina shayar da ɗana, ko zan ji an ce sun bar wata kafa a dangarsu, ko da daidai faɗin kafaɗar yaro ce.